Yadda Tsutsa Take Sanin Ganyenta

Karatu: Yunusa 4:5-11, Ayuba 12:7-11, Ibraniyawa 5:11-14

Duk wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa cikin watan Agusta, sa'ad da gero ya fid da kai yana bununi, zai ga gonaki kusan iri ɗaya dama da hagu: gero a tsaye, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, tumfafiya a bakin iyaka, can kusa da gari kuma dogon yaro ya baza inuwa. Tsire-tsire huɗu ke nan a wuri guda. Idan mutum ya sunkuya ya duba da kyau, zai tarar kowannensu yana da tsutsarsa dabam, ban da dogon yaro wanda da wuya a ga mai taɓa shi. Tsutsar da take cikin kan gero ba ta saukowa ta ci furen wake, ko da yake tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Ta wake kuma ba ta hawa gero. Ita kuwa ta tumfafiya, tana zaune lafiya a kan ganyen da ko akuya ba ta cika kula shi ba, in kuwa aka ɗauke ta aka ɗora a kan ganyen wake mai laushi, sai ta kewaya, ta kewaya, ta ƙi ci har yunwa ta kashe ta.

Wa ya gaya mata? Ba ta taɓa ganin uwarta ba, gama uwar ta saka ƙwai ta tafi abinta. Idanunta kuma ba su wuce bambanta haske da duhu da inuwar abin da ke kusa ba. Amsar tana cikin bakinta. Tambayar kuwa ta shafi rumbun kowane iyali a ƙasar Bade da Nguru, domin wanda bai san abin da tsutsa take nema a gonarsa ba, yakan kashe kuɗin makarantar yara a kan maganin feshi wanda ba zai taɓa ta ba.

Tsutsar Yunusa

Cikin babi na huɗu na Littafin Yunusa, Allah ya shirya abubuwa uku bi da bi domin ya koya wa annabinsa darasi: tsiro, da tsutsa, da iskar gabas mai zafi. Marubucin ya yi amfani da kalma ɗaya ta Ibraniyanci a kan dukan ukun, ita ce kuma kalmar da ya yi amfani da ita tun a baya a kan babban kifin nan. Wato a wurinsa aikin tsutsa da aikin kifi duk aike ne daga hannu ɗaya, babu babba babu ƙarami.

Sunan tsiron da Ibraniyanci kikayon, bai kuma fito a ko'ina cikin Tsohon Alkawari ba sai a nan. Saboda haka masu fassara sun sha wahala a kansa. Tsohuwar fassarar Latin ta ce duma ce. Da Jerom ya yi sabuwar fassararsa ya sa sunan wani tsiro mai hawan bango, sai rigima ta tashi. Cikin wata wasiƙa da Agustin ya rubuta masa wajen shekara ta 403, ya ba shi labari cewa a birnin Oya, wato Tarabulus ta ƙasar Libya a yau, jama'a sun ta da hayaniya a cikin sujada sa'ad da bishop ya karanta sabuwar kalmar, har ya kusa rasa ikkilisiyarsa. Masu faɗa a kan wace fassara za a karanta ran Lahadi su sani ba su ne farau ba. A yau masana da yawa suna ganin zurma ce, wadda wasu ke kira cika-gida, domin tana girma da sauri, ganyenta kuma yana da faɗi.

Zurma tana da dafi. A shekara ta 2005 masu nazarin ƙwari sun ba da bayanin wani malam-buɗe-littafi na dare a ƙasar Isra'ila, suka sa masa suna Olepa schleini, wanda tsutsotsinsa suke ɓuya da rana, su fito da dare su ci ganyen zurma su kuma gaigaye ɓawon jikinta har ta yi yaushi. Wasu daga cikinsu suka ce lalle wannan ce tsutsar Yunusa. Wasu kuma suka ƙi, suna ganin baƙo ne da ya shigo daga wajen Indiya ba da daɗewa ba. Bangaskiyarmu ba ta rataya a kan wannan gardama ba. Abin lura shi ne, labarin ya dace da yadda halitta take tafiya: tsiro mai dafi yana da tsutsar da ta san shi, takan kuma same shi.

Abin da ke cikin bakin tsutsa

Harshen mutum yana da dubban ƙananan kumburi masu jin ɗanɗano, kowanne kuma da ƙwayoyi hamsin zuwa ɗari a ciki. Tsutsar malam-buɗe-littafi kuwa, dukan ƙwayoyin jijiyarta masu jin ɗanɗano ba su kai ɗari ba. A bayan muƙamuƙan da take yanka ganye da su akwai wasu ƙananan gaɓoɓi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar hannuwa masu riƙe abinci. A kan kowanne akwai tsinkaye biyu waɗanda ba a gani sai da madubin kimiyya, kowane tsinke da rami ɗaya a bakinsa da ƙwayoyin ɗanɗano huɗu a cikinsa. Huɗu sau huɗu, goma sha shida ke nan. Akwai ƙarin wasu a gefen gaɓoɓin da kuma cikin leɓen sama, amma waɗannan goma sha shidan su ne manyan alƙalai.

A shekara ta 1961, a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, Gilbert Waldbauer da Gottfried Fraenkel sun cire wa tsutsar taba waɗannan gaɓoɓi. Wannan tsutsa a daji kusan ba ta cin kome sai dangin taba da tumatir da gauta. Da aka cire, sai ta shiga cin ganyayen da dā ba ta ko kallonsu, a kan wasu ma har ta yi girma. Wannan ya nuna abu muhimmi: ba kullum rashin amfani ne yake hana tsutsa cin wani ganye ba, bakinta ne yake cewa a'a.

Bayan wannan, Louis Schoonhoven na ƙasar Holan da wasu masana suka koyi sauraron tsinkayen nan. Sukan kifa siririn bututun gilashi mai ruwan wani sinadari a bakin tsinken, su haɗa da na'ura, su ga saƙon da kowace ƙwaya take aika wa ƙwaƙwalwa. Suka tarar kowace ƙwaya da aikinta. Wata tana amsawa in ta ji sukari, wata gishiri, wata kuma, wadda ta fi kowa tsaro, tana amsawa in ta ji ɗaci iri-iri. Ƙwaƙwalwar tsutsa tana auna muryoyin kamar mai awo a kasuwa: in masu cewa a ci sun rinjayi masu cewa a bari, sai muƙamuƙai su kama aiki.

Ba ta afka wa ganye haka kawai ba. Masana a Japan sun nuna a shekara ta 2020 cewa tsutsar siliki tana bin mataki biyu. Da fari takan shafa bayan ganyen da gaɓoɓin bakinta, tana neman wasu sinadarai da ke kwance a kan fatar ganyen bishiyarta. In ta same su, sai ta yi cizon gwaji ɗaya. Ruwan da ya fito daga cizon shi ne tsinkayen za su ɗanɗana. In akwai sukari isasshe kuma babu ɗaci, sai ta zauna ta ci sosai. Duk uwargidan da ta taɓa sayen manja ko daddawa ta san wannan tsari: a duba, a shinshina, a ɗan lasa, sa'an nan a yi ciniki. Ayuba ma, cikin amsarsa ga abokansa a babi na 12, bayan ya aike su su tambayi dabbobi da tsuntsaye da kifaye, ya kwatanta aikin kunne wajen gwada magana da aikin baki wajen gwada abinci.

Dafin da ya zama alama

Tsiro ba ya gudu, ba shi da ƙaho ko ƙafa. Garkuwarsa sinadarai ne masu ɗaci ko yaji ko dafi. Makiyayan Yobe sun san wannan tun kafin masana: ba sa barin shanu su faɗa wa ƙaramar dawa ko gyauron da fari ya taɓa, domin a wannan lokaci ganyen yana ɗauke da sinadarin da yake sakin guba in an tauna shi. Yajin barkono, ɗacin dogon yaro, farin nonon tumfafiya, duk makamai ne irin wannan.

Abin mamaki shi ne, ga tsutsar da take da ikon jure wa dafin wani tsiro, dafin nan shi ne yake zama alamar gida. Wanda ya fara gwada wannan shi ne Eduard Verschaffelt, masanin tsire-tsire a birnin Amstadam, a shekara ta 1910. Ya lura tsutsar farin malam-buɗe-littafi tana cin kabeji da danginsa kaɗai, dukansu kuwa suna da sinadarin da yake ba mustad yajinsa. Sai ya shafa wannan sinadari a kan ganyayen da tsutsar take ƙi, ta kuwa ci. Ya jiƙa takarda da ruwan irin ganyen da take so, ta ci takardar. A shekara ta 1967 Schoonhoven ya gano cewa a cikin tsinkayenta akwai ƙwayar da aikinta shi ne jin wannan sinadari.

Ba sai an je Turai ba. Fararen malam-buɗe-littafi masu baƙin zane da suke taruwa a kan anza da ciciwa a dajinmu 'yan'uwan na kabejin nan ne, anza da ciciwa kuma suna da sinadarai na wannan gida. Zogale ma haka, yana kuma da tasa tsutsar, wadda take addabar masu lambun zogale a Maraɗi da Yamai. Wadda take cinye ganyen ƙaramin lemo a tsakar gida, wadda tana ƙarama takan yi kama da kashin tsuntsu, ba za ta koma kan mangwaron da ke kusa ba. Filasko da rai-ɗore suna da nasu.

Tumfafiya ta fi su duka ban sha'awa. Nononta yana da dafin da yake taɓa bugun zuciya, shi ya sa iyaye suke hana yara wasa da shi, balle ya shiga ido. Amma malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro da baƙin gefe da fararen ɗigo, a kanta yake saka ƙwai. Tsutsarsa, mai zanen fari da baƙi da rawaya, tun tana ƙarama takan fara yanka ganyen a kewaye domin nonon ya tsiyaye kafin ta ci tsakiyar. Dafin da ta haɗiye ba ya kashe ta. Tana ajiye shi a jikinta, ya bi ta har ta yi fiffike, tsuntsun da ya cinye ta kuwa zai sha wuya, ba zai so ya sake ba. Launinta mai haske sanarwa ce ga tsuntsaye. Farar tumfafiya, mai jikin rawaya da zane, irin wannan dabara take yi, saboda haka ba ta cikin farar da ake soyawa.

Murzuna da gero

Yanzu mu zo ga wadda ta fi damun rumbu. Tsutsar kan gero, wadda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka a Nijar suke kira murzuna, kusan gero kaɗai ta sani. Ba a ɗauke ta babbar annoba ba sai bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974, daga nan ta zama abokiyar gaba a dukan yankin Sahel, daga Senegal har zuwa Sudan. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Dukan rani tana kwance cikin kwanso a ƙarƙashin yashin gona. Wajen wata guda bayan ruwan shuka, sai uwayen su fito da dare, daidai lokacin da geron farko yake fid da kai, su saka ƙwai a kan sababbin kawuna. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ƙananan suna cin furen, manyan kuma suna yanke ƙananan sandunan da suke riƙe da tsaba, suna tafiya suna kewaya kan geron, shi ya sa ake ganin tabon nan mai murɗawa kamar igiya. Bayan kamar wata guda sai su sauka ƙasa, su shiga yashi, su jira baɗi.

A nan za a ga cewa ɗanɗanon tsutsa rabin labari ne. Jaririyar tsutsa ba ta iya tafiya mai nisa, saboda haka zaɓin farko na uwa ne. Uwar tana bin ƙanshi daga nesa, in ta sauka kuma tana ɗanɗanawa da ƙafafunta, gama malam-buɗe-littafi yana da gashin jin ɗanɗano a tafin ƙafa. Wasu iri sukan buga ganye da ƙafafun gaba kamar mai kiɗan kalangu kafin su saka ƙwai ko ɗaya. In uwa ta yi kuskure, 'ya'yan ne suke biya. A yammacin Kenya, tun shekarun 1990, masana na cibiyar ICIPE sun mai da wannan kuskure makami: ana shuka wata doguwar ciyawa a kewayen gonar masara, wadda uwar tsutsar kara take so ƙwarai, amma yawancin 'ya'yan da aka saka a kanta ba sa rayuwa, domin ciyawar tana fid da ruwa mai danƙo da yake kama su. Wannan tsari yana bukatar ruwan sama fiye da na arewacin Yobe, kada wani ya kwafe shi ido rufe. Amma tushen tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu da suka haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko suka ajiye wani gefe domin maiwa, wadda take fid da kai bayan yawancin uwayen murzuna sun gama yawo, sun rage wa kansu hasara ko da ba su san sunan ƙwaron da Latin ba.

Feshi ba ya cika yin amfani a kan murzuna, domin tana ɓoye a cikin kan gero, kafin manomi ya ga tabon kuwa aikin ya riga ya yi nisa. Abin da ya fi ba da bege ya fito daga Maraɗi. Tun shekara ta 2006 masana na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, suka fara rarraba ƙananan buhunan algarara a ƙauyuka. A cikin kowanne akwai ɗan gero, da tsutsotsin wani ƙwaron hatsi, da matan wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Zanzaron yana hayayyafa a cikin buhun, 'ya'yansa su fita ta ramukan saƙa su bazu cikin gonaki, su harbi murzuna ta sandare, su saka ƙwai a jikinta. Ba ya harbin mutum, ba ya cin gero. Dama yana nan a ƙasarmu, sai dai yakan yi yawa a makare. Wanda ya yi wa gonarsa feshi barkatai, shi yake fara kashewa.

Tsutsar karan gero kuma, wadda take huda cikin kara, a cikin busasshen kara take yin rani. Darnin da muka kewaye gida da shi da karan da muka jingine a jikin bishiya su ne masaukinta har damina ta dawo. Malaman gona suna ba da shawara a ɗan babbake karan da za a yi gini da shi bayan girbi, ko a shimfiɗa shi a ƙasa rana ta gasa shi.

Masu cin kome

Ba dukan tsutsotsi ne masu zaɓe ba. Tsutsar masara da aka fara gani a Afirka a farkon shekara ta 2016, a kudu maso yammacin Nijeriya, daga nahiyar Amurka ta zo, an kuma rubuta tsire-tsire fiye da 350 da aka taɓa samunta a kansu, ko da yake masara da dawa ta fi so. Da aka bincika ƙwayoyin gadonta, sai aka tarar danginta suna da ƙwayoyin gado na jin ɗanɗano fiye da 200, yawancinsu na gane ɗaci, alhali tsutsar siliki mai cin ganye iri ɗaya tana da 76. Mai yawon ci a gidaje da yawa dole ya san guba iri-iri. A shekarar nan ta 2016 kuma tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye lambunan Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Ita mai zaɓe ce, dangin tumatir take bi: gauta, yalo, dankalin turawa, taba. Mai noman rani a fadamun Kogin Yobe da ya cire tumatir ya maye gurbinsa da yalo bai canja mata kome ba. Albasa ko alkama ne suke yanke mata abinci.

Dogon yaro

An kawo dogon yaro Lardin Borno a shekara ta 1928, lokacin da Nguru da Gashuwa suke cikinsa, domin inuwa da itace. A shekara ta 1959 wani Bajamushe mai nazarin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye kusan kowane ganye, ta bar dogon yaro kore. A 1968, a Jami'ar Kil ta Ingila, Butterworth da Morgan suka fid da sinadarin da yake yin wannan aiki daga ƙwallon, suka kira shi azadiraktin. Yana aiki ta hanya biyu. Yana ta da ƙwayar jin ɗaci a bakin ƙwaro har ya ƙi ci, wanda ya daure ya ci kuma sai ya kasa yin saɓa, ba kuwa tsutsar da za ta girma ba tare da saɓa ba.

Yadda aka saba haɗawa: a tara nunannun 'ya'ya, a cire naman, a shanya a inuwa, a fasa a fid da ƙwayar, a daka. Rabin kilo na garin a lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu domin ya kama ganye, a fesa da yamma. Ya fi amfani a kan kabeji, da zogale, da kayan lambu, da wake tun tsutsotsin suna ƙanana. Amma a faɗi gaskiya, ba ya kashewa nan take, rana tana lalata shi cikin 'yan kwanaki, sai an maimaita, kuma ba ya kai ga tsutsar da ta riga ta shige cikin kara ko kwanson wake. Shi ya sa masu gaggawa suke rena shi. Ni dai ina ganin gidan da yara suke taya aikin lambu ya kamata ya fara da shi kafin ya kai hannu ga kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba. A turmin da ba na abinci ba za a daka, a kuma ajiye inda yara ba za su kai ba, gama mansa yana da haɗari ga jarirai.

Ɗanɗanon da ake koya

Akwai bincike ɗaya da ya kamata iyaye su yi tunani a kansa. Tun 1968 Jermy da Hanson da Dethier suka nuna cewa abin da tsutsa ta fara ci yana canja abin da za ta so daga baya. A shekara ta 2001 Marta del Campo da abokan aikinta a Jami'ar Konel ta Amurka suka gano yadda abin yake faruwa a tsutsar taba. Wadda ta fito daga ƙwai yanzu za ta karɓi ganye iri-iri, har da ganyen wake. Amma in ta yi kwanaki a kan dankalin turawa ko tumatir, sai ƙwayoyin bakinta su saba da wani sinadari na wannan dangi, daga nan in babu shi ba ta ci, da yawa sukan gwammace su mutu da yunwa. Da aka shafa ruwan ganyen dankalin a kan ganyen wake, sai suka ci. Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ta koya ba, bakin kansa ne ya canja.

Marubucin Ibraniyawa ya yi wa masu karatunsa faɗa domin sun daɗe cikin bangaskiya amma har yanzu madara suke bukata. Ya ce manya su ne waɗanda yawan aikatawa ya horar da hankalinsu har suna rarrabe nagarta da mugunta. Wato rarrabewa aba ce da ake samu ta wurin abin da ake ci kowace rana. Yaron da ya tashi yana jin ana karanta Maganar Allah da harshen da yake fahimta, yana ganin uba yana neman gafarar uwa, yana ganin ana auna wa maƙwabci hatsi da mudu cikakke ko shi mai bi ne ko ba mai bi ba, zai ji ɗacin ƙarya tun kafin ya iya bayyana dalilin. Wanda kuma wayar hannu ce ta yi renonsa, ita ma tana horar da baki. Binciken ya nuna wani haɗari na biyu wanda masu wa'azi ya kamata su lura da shi: alama kaɗai aka shafa a kan ganyen da ba shi ba, tsutsa ta ci. Masu bi da suka saba da 'yan kalmomi da salon murya maimakon koyarwar kanta, duk wanda ya shafa waɗannan kalmomi a kan ciniki ko tsafi zai same su.

Kada dai a ja misalin ya wuce iyaka. Yaro ba tsutsa ba ne. Tsutsa ba ta tuba, ba a kuma sāke haihuwarta, amma ikkilisiyoyinmu cike suke da mutanen da suka tashi a kan abinci dabam, alherin Allah ya ba su sabon baki suna da furfura. Iyayen da 'ya'yansu suka kauce duk da reno mai kyau kada su ɗauki wannan nazari kamar shari'a a kansu.

Aiki domin iyali

A wannan damina, a sa yara su nemo tsutsa ɗaya daga bishiyar lemo, ko daga filasko, tare da ganyen da aka same ta a kai. A bar ta tumfafiya sai da babba a kusa, saboda nonon. A sa ta cikin kwalba mai faɗin baki, a rufe da ƙyalle mai shan iska, a ajiye a inuwa. Ran farko a sa mata ganye uku, nata da na wake da na dogon yaro, a sa yara su zauna shiru su ga yadda take shafa gefen kowanne da bakinta kafin ta ciza, su rubuta wanda ta ci. Rana ta biyu a shafa ruwan dakakken ƙwallon dogon yaro a rabin ganyenta, a bar ɗaya rabin, a duba da safe wane gefe ta taɓa. Daga nan a riƙa ba ta sabon ganyenta kowace rana, a zubar da kashin, a sa ɗan tsinke a tsaye a cikin kwalbar domin ta sami abin kamawa sa'ad da za ta shiga kwanso. In ta daina ci ta manne a jikin tsinken, kada a taɓa ta. Yawanci cikin mako ɗaya ko biyu za ta fito da fiffike a jiƙe. A jira su bushe, sa'an nan a buɗe ƙyallen a tsakar gida.